Kajin Inna a Nagasaki

Tun da muka dawo Tsiga ba a bar ni na huta ba. In na kafa tukubata ranar kasuwar Bakori, kafin wuta ta kama an zagaye ni: Alhaji Mati, wai da gaske ka je ƙasar da ake cin nama ɗanye? Wanda ya ji a Maska ya kai Malumfashi da ƙari, har na ji ana cewa wai na ci kada da ransa. To yanzu ido ya fara rauni, haƙora sun zube. Gara in rubuta da ɗan ajamin da na iya, mai so ya karanta, a bar ni in sayar da tsirena. Ba zan gyara kaina a ciki ba. Yawancin wahalar da muka sha ni na jawo mana ita, kuma yayana Tanko, Allah ya ji ƙansa, ya sha gaya mini haka tun yana da rai.

Gidanmu gidan mahauta ne, amma Tanko ya ajiye wuƙa tun yana saurayi ya kama noma da ɗan karatu. Shi ya ce mu tafi Makka. Da aka kai dawa rumbu muka bi ayari zuwa Kano, daga nan Borno, daga nan Wadai inda jakinmu ya mutu, har muka ga ruwan gishiri a Sawakin. Wannan hanya alhazai sun ba da labarinta sun gaji, ba sai na maimaita ba. Mun yi aikin hajji lafiya. Da muka tashi dawowa sai aka ce yaƙi ya rufe hanyar da muka biyo.

A Jidda muka ji cewa jiragen hayaƙi na Nasara suna ɗaukar masu zuba wa wuta gawayin dutse. Dabarar ita ce mu yi aiki a jirgi har Masar, mu gangara Tarabulus, mu bi ayarin raƙuma mu faɗo Katsina ta arewa. Tanko ya ce in je in zaɓo mana jirgi. Na zaɓi wanda ya fi girma, wanda kuma na ji ƙamshin rago yana fitowa daga madafarsa. Ban tambayi inda za shi ba.

Bayan mun wuce Adan, wata safiya muna alwala, Tanko ya daɗe yana kallon rana.

"Mati, ina ce gida yamma yake?"

"Yamma yake, Yaya."

"To me ya sa kullum rana take fitowa ta hancin jirgin nan?"

"Zagaye yake yi."

"Zagaye. Allah ya shirye ka. Baba ma da ya aike ka sayen akuya tunkiya ka kawo."

Haka muka yi ta zagaye har muka ƙare ƙasashen Hindu da na Sin. Cikin jirgin nan zafi ne wanda ban taɓa ji ba ko a bazarar da ta fi kowace muni. Tanko ya kamu da ciwon ƙirji, ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya daina zama a cikinsa. Lokacin da muka isa ƙasar da Larabawa ke kira Yaban, Nasara kuma Japan, a wani gari mai suna Nagasaki, ko tsayuwa ba ya iya yi sai an riƙe shi.

Shugaban masu zuba gawayi wani Basomale ne, mu muna ce masa Sarkin Wuta. Da ɗan Larabcin da muka tsinta muke magana da shi. Ya ce jirgi zai yi arewa ya sauke kaya, ya dawo ta nan idan sabon wata ya tsaya, sa'an nan ya koma yamma. Za a sauke Tanko, ni in zauna in yi jinyarsa. In jirgi ya dawo ya same shi da ƙarfin aiki, a tafi da mu. In bai same shi haka ba, jirgi ba ya ɗaukar kaya mai cin abinci, kuma shi bai san wani jirgin da zai ɗauke mu ba. Magana ke nan ta zama ɗaya: ko Tanko ya ci abinci ya yi ƙarfi, ko a binne mu a ƙasar da ba wanda ya san yadda ake yi wa Musulmi sutura.

A bakin ruwa ma'aikatan sarkin garin suka duba mana harshe da ido. Da suka ga zanen fuskarmu sai suka ja da baya. Daga baya na gane sun ɗauka saran takobi ne, wato mu wasu manyan mayaƙa ne. Babbansu ya sunkuya. Mu kuma, da yake an yi mana tarbiyya, muka durƙusa. Da ya ga mun fi shi yin ƙasa sai ya ƙara sunkuyawa. Muka ƙara durƙusawa. Tanko ya kasa tashi, sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Mutanen jirgi suka kai mu gidan wata tsohuwa mai saukar da baƙi a kan tudu. Gajeriya ce, bayanta ya ɗan tanƙware, haƙoranta baƙi ƙirin don shafa musu wani abu take yi, kamar yadda matanmu ke yi da fure da goro. Sunanta ya gagare mu, muka sa mata Inna, ta kuwa amsa. Ana cire takalmi a ƙofa kamar gida, ana zama a tabarma kamar gida. Amma bangon ɗaki takarda ce. Na jingina don in huta, gwiwar hannuna ta leƙa ɗakin maƙwabci.

Kafin abinci ta ja mu bayan gida ta nuna mana wata ƙatuwar tukunya cike da ruwa, wuta tana ci a ƙarƙashinta. Ta yi mana nuni mu tuɓe mu shiga. Tanko ya dubi tukunyar, ya dube ni.

"Ka ga inda ka kawo mu ko?"

Wanka ne. Amma sai da maƙwabcin nan ya shiga ya fito da ransa sa'an nan Tanko ya yarda ya tsoma ƙafa.

Sai abincin farko. Inna ta kawo wani ɗan akushi mai faɗi, an jera yankakken kifi a kai, fari da ja, siriri kamar an yanka don kilishi. Ni mahauci ne, na san aikin wuƙa in na gan shi, kuma ban taɓa ganin yanka mai kyau irin wannan ba. Ɗanye ne. A gefe ga tsinke biyu na kowa. A tsakiyar ɗaki ga kasko da garwashi. To ku da kuka san sana'ata ku yi mini adalci. An ba mai tsire nama, an ba shi tsinke, an ajiye masa wuta. Na ce a raina tsohuwar nan ta ji labarin ko ni wane ne. Na soke kifin nan duka a tsinke, na kakkafa a bakin kasko. Mai ya ɗiga a garwashi, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin takarda.

Inna ta shigo da shinkafa, ta tsaya cik. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye shinkafar, ta ɗauki akushin da ba komai a kai, ta daɗe tana kallonsa, ta fita. Ashe kaskon na jin ɗumi ne, tsinken na ɗaukar loma ne, kifin kuwa tun asuba ta gangara bakin ruwa ta zaɓo shi don girmama baƙi, kuma haka ake cinsa. Kamar ka yi wa baƙo fura da nono mai kyau ya ɗauka ya wanke ƙafa da ita. Kwanaki bayan haka in ta kawo abinci sai ta janye kaskon zuwa wancan gefen ɗaki tukuna.

Yunwa ta koya mini cin abincinsu. Ana tsoma kifin a wani baƙin ruwa mai gishiri, ƙamshinsa kamar daddawa, shi ya sa na saba da wuri. Akwai kuma wani koren abu da na ɗauka kuka ce aka kwaɓa, na lakato da yawa. Barkononmu harshe yake kamawa. Wannan ta hanci yake bi ya fita ta tsakiyar kai. Na ga taurari da rana tsaka.

Tanko kuwa ya ƙi. Ba don haramci ba, shi da bakinsa ya ce duk abin da ya fito daga teku halal ne. Amma tun muna yara ba ya son ƙarnin kifi, ga shi ciwo ya ƙara masa. A ƙasar nan kuwa ko miyar ganye da ruwan kifi ake yinta.

"Halal ne fa, Yaya. Kai ka faɗa."

"Halal ne. Ƙasa ma ba a haramta ba, ka ga ina cinta?"

"Loma ɗaya."

"Ni ba mage ba ne, Mati. Ka kawo mini nama, yankan Musulmi, dafaffe. In babu ka bar ni da ruwan shinkafata."

Na fita neman nama. Kasuwarsu abin kallo ce ga mahauci. Na ga wani abu mai ƙafa takwas ba shi da ƙashi ko ɗaya, ana murza shi da gishiri yana nannaɗe hannun mai shi. Na ga kifi mai kama da maciji, ana kafe kansa da ƙusa a tsaga shi a gasa, kuma ƙamshinsa ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ga gunduwar nama baƙi-baƙi da kitse mai kaurin tafin hannu, mai sayarwa ya zana mini siffar dabbar a ƙasa, na gane irin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa ne. A wata rumfa an rataye gyado, aladen daji, da gashinsa, ana dafa shi a tukunya da ganye, mutane sun yi layi. Nan na tuna Maguzawan bayan garinmu da na sha yi wa dariya a kan abin da suke ci, ga ni yau da ɗanyen kifi a ciki. Naman shanu kuwa sabon abu ne a wurinsu. Samari ne ke cinsa don a ce sun waye, tsofaffi suna toshe hanci in sun wuce. Duk garin ban ga dabba ɗaya da aka yanka da sunan Allah ba.

Maƙwabcin da na huda wa bango mutumin kirki ne. Da ya ga yadda Tanko ke ramewa sai ya zo da wani abu a naɗe cikin ganye, ya buɗe da girmamawa, ya bugi ƙirjinsa, wato maganin ƙarfi. Jan nama ne ɗanye, ja sosai, ba kitse. Na shinshina. Ba sa ba ne, ba rago ba, ba barewa ba. Na yi masa kukan sa, ya girgiza kai. Na yi kukan akuya, ya girgiza kai. Sai ya miƙe ya yi haniniya, ya yi sukuwa a tsakar ɗaki.

Tanko ya ɗaga kai daga shimfiɗa da ƙyar.

"Doki ya ce?"

"Haka na ji, Yaya."

"Dokin hawa?"

"Ban tambaye shi ko na kaya ne ba."

"Juya ni in fuskanci alƙibla. In mutuwa ce ta zo ta same ni a shirye."

Mutumin ya ga ba mu ci ba, ya zauna ya cinye abinsa a gabanmu don kada ya lalace, yana yi mana murmushi.

Wata ya raba, Tanko ya koma kamar kara. In na ɗaga shi don alwala ba na jin nauyi. A bayan gidan Inna akwai akurki da kaji 'yan kaɗan da zakara ɗaya. Don ƙwai take kiwonsu, tana yi musu magana kamar jikoki. Na daɗe ina kallonsu, kunyar abin da na yi da kifi ta hana ni roƙo. Ranar da Tanko ya kasa haɗiye ko ruwan shinkafa, na je na durƙusa a gabanta. Na nuna kaza, na nuna ɗakinmu, na nuna kaina, na ja yatsa a maƙogwaro. Ta ja da baya a tsorace, don ta ɗauka cewa na yi zan yanka kaina in ba ta ba ni ba. Sai da na maimaita a hankali. Ta shiga ta dubi Tanko, ta taɓa goshinsa, ta fito ta kamo wadda ta fi ƙiba ta miƙo mini, ta juya baya.

Na fuskantar da ita alƙibla, wadda a can yamma take, na yi bisimilla na yanka. Na fige, na ba Inna, na koma na yi wa Tanko albishir. Har ya tashi zaune. Muna ta zancen romo.

Sai ga Inna da akushin nan mai faɗi. Kazar ce, an yanyanka ta siriri, an jera kamar fure. Ɗanya. Ta ajiye, ta sunkuya, ta fita.

Tanko ya leƙa akushin.

"Mutanen nan," in ji Tanko, "nama ne ba sa dafawa. Mutum suna dafa shi kullum da yamma."

Ya miƙa hannu wajen kasko. Ni na riƙe shi. Ni da na yi kuskure sau ɗaya na ɗauka na zama malamin al'adun ƙasar.

"Yaya, kada ka yi. Kazar ƙwanta ce ta ba mu. In muka sake sa mata abinci a wuta ba za ta ƙara ba mu ko gashin kaza ba."

"Ɗanya fa ce."

"Yankan Musulmi ce. Ni na yanka."

"Na ce yankan Musulmi, dafaffe. Rabin maganata ka ji, kamar kullum."

"Rabi ya fi babu. Rufe ido."

Ya rufe ido. Na tsoma masa a ruwan daddawar nan na sa masa a baki. Yana haɗiyewa yana salati, hawaye na zuba. Na ci nawa don in ƙarfafa shi, kuma ina gaya muku ɗanyen kifi sarki ne a kan ɗanyar kaza. Haka muka yi ta yi, loma shi loma ni, har akushi ya koma fes. Muka zauna muna haki, muna jin mun fita kunyar tsohuwa.

Ƙofa ta buɗe. Inna ce, da ɗan murhu a hannu, a kansa tukunya tana tafasa, romon ƙashin kaza da albasa da ganye, ƙamshi ya cika ɗaki. Ashe wannan a gaban baƙo ake dafa shi, kowa ya tsoma yankansa a romo ya ciro. Ta dubi akushi. Ta dube mu. Ta leƙa bayan tabarma ko mun ɓoye. Na buɗe baki na nuna mata ciki.

Ban taɓa ganin tsohuwa ta yi dariya irin wannan ba. Ta ajiye murhun don kada ya zube, ta zauna daɓas, ta rufe baƙaƙen haƙoranta da hannun riga, kafaɗunta na rawa. Ta kira maƙwabci ta gaya masa, shi ma ya kwanta. Tanko bai yi dariya ba.

"Mati, in Allah ya kai mu gida, kada ka ƙara zama kusa da ni a masallaci."

Amma ya sha romon. Ya sha kwano guda, ya miƙa aka ƙara. Washegari ni da shi muka wuni muna gudu zuwa bayan gida, kazar ta rama abin da muka yi mata. Da cikinmu ya lafa, Inna da kanta ta kamo wata ta miƙo mini. Wannan karon ta zaunar da mu, ta riƙe hannun Tanko da tsinken, ta tsoma yankan a romo, ta tsare shi da ido har ya yi fari, sa'an nan ta sake shi.

Daga nan Tanko ya fara dawowa. Ya zauna, ya tsaya, ya zagaya tsakar gida da sanda, ya jefar da sandar. Kaza ɗaya tana yi mana kwanaki, don Inna ba ta zubar da komai, har ƙashi sai ta tafasa shi ya yi laushi. In ta ƙare ta kamo wata. Ni kuwa ina ta murna da kumatun yayana, ban taɓa tsayawa na leƙa akurkin ba. Sai ranar da sabon wata ya tsaya, aka aiko cewa jirgi ya iso, yana shan gawayi, gobe da sassafe kwalekwale zai jira mu a bakin ruwa. Da yamma Inna ta zo riƙe da zakara. Na duba bayanta, akurki wayam. Mun cinye mata kaji kaf, ƙwan da take kaiwa kasuwa ya ƙare, kuma ba ta taɓa nuna mana a fuska ba. Ya kamata in ce a'a. Na yi niyyar cewa a'a. Amma na dubi Tanko na ga har yanzu ƙafarsa tana ɗan rawa, na dubi zakaran na ga cinyoyinsa. Na karɓa. Wannan abu yana damuna har yau, fiye da zaɓen jirgi.

Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne, zakaran nan shi ke tashin gidan. Shi ne ladaninmu tun da muka zo, shi ne kuma na Inna. Mun ci, mun ƙoshi, mun kwanta. Ba abin da ya tashe mu sai kukan jirgi daga teku, rana ta riga ta haska takardar bango. Inna ta fito a firgice da gashi a tsaye, tana nuna mana hanya da hannu biyu. Ko sallama ba mu yi mata ba. Na waiwaya sau ɗaya na gan ta a ƙofa, ba ta daina kora mu da hannu ba.

Daga gidan zuwa bakin ruwa gangara ce mai matakala ta dutse. Tanko ya naɗe riga ya zuba da gudu. Mutumin da nake ɗauka kamar kara ya wuce ni, ya wuce mai tallan kifi, ya tsallake wani kare. Ni kuwa na cika ciki da zakara, ga kayanmu a kai, ga takalmi ɗaya ya tsinke. Kwalekwale ya riga ya saki gaɓa, Sarkin Wuta yana tsaye a ciki. Tanko ya daka tsalle ya faɗa tsakiyarsu, ya kama igiyar da ke ɗaure a gaɓa ya riƙe kwalekwalen da ƙarfi har na iso. Aka jawo ni ciki kamar buhu. Na kwanta ina tari, na kasa ko gaisuwa.

Sarkin Wuta ya dubi Tanko sama da ƙasa, ya matsa damtsensa, ya gyaɗa kai. Sa'an nan ya taɓa ni da ƙafa.

"Wannan na ɗauke shi. Amma marar lafiyar nan fa? Na gaya muku jirgi ba ya ɗaukar wanda ba zai iya aiki ba."

Na ɗaga hannu in yi bayani, numfashi ya ƙi. Tanko ya bar ni na ɗan jima a haka, yana gyara hularsa.

"Ƙanena ne," ya ce. "A yi haƙuri a tafi da shi. Ba ciwo ba ne, haka aka haife shi."